Idon kurtu: tsakanin uzuri, rangwame da alfarma

Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta buɗe ɗaukar kurata, samarin gabashin Sakkwato kan yi dafifi a shagunan kwamfuta domin cike takardar neman shiga ta intanet. Daga Boyekai da Shinaka a ƙaramar hukumar Goronyo, daga Gandi a Rabah, daga Achida a Wurno, yaro zai harhaɗa takardar gama sakandare da ta haihuwa da ta shaidar asali, ya nemi kuɗin mota, ya nufi wurin tantancewa. Za a auna tsawonsa, a sa shi gudu, a ɗebi jininsa, a saurari ƙirjinsa. Daga nan sai a tsayar da shi mita 6 daga wani allo mai baƙaƙe, manya a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, a ce ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya karanta. Wani likitan ƙasar Holan mai suna Snellen ne ya tsara irin wannan allo a 1862. A nan tafiyar wasu take ƙarewa. Saurayin da ya yi wa kowa fintinkau a gudu zai karanta layi uku na sama, ya matse ido a na huɗu, ya yi shiru. Sai a ce ya koma gefe.

Zafin wannan komawa gefe ba ƙarami ba ne, musamman a ƙasar da mutane suka san abin da rashin soja yake nufi. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a gundumar Gandi, suka kashe mutane da dama. A watan Oktoban 2021 suka shiga kasuwar Goronyo suka kashe sama da mutum 40. Yaron da ya tashi yana ganin haka, idan ya ce yana son ɗaukar bindiga ya tsare garinsu, babu mai hankalin da zai ce masa kwaɗayin albashi ne kawai, ko da albashin ma yana cikin lissafinsa, kuma neman halal ba aibi ba ne. Saboda haka tambayar da nake son dubawa ta cancanci a yi mata nutsuwa: shin adalci ne a mayar da mai niyya ta gari saboda wani rauni da Allah ya halicce shi da shi? Kuma idan ya sami hanyar zagaye gwajin, ko da takardar wani babba, ko da na goro, ko da haddace allon, ya yi laifi? Abin da na tsaya a kai shi ne cewa ma'aunin gani amana ce ta jinin mutane, kuma rangwame a cikinsa ya halatta ne kawai idan hujja ce ta jawo shi a bainar jama'a. Abin da muke kira alfarma wani abu ne dabam, ko da ya yi kama da rangwame a ido.

Musulunci bai taɓa ɗaukar sauke wa mai nakasa nauyin yaƙi a matsayin ƙasƙanci ba. Aya ta 17 a Suratul Fathi ta ɗauke laifin rashin fita daga kan makaho da gurgu da majinyaci. Aya ta 91 a Suratut Tauba ta ƙara da raunana da waɗanda ba su da abin ciyarwa, da sharaɗin su tsarkake zuciya ga Allah da Manzonsa, kuma ayar da ke biye ta ambaci mutanen da suka zo neman abin hawa ba a samu ba, suka juya idanunsu na zubar hawaye. Bukhari ya ruwaito daga Zaidu ɗan Sabit cewa da aka saukar da ayar Suratun Nisa'i da ta fifita masu fita a kan masu zama, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, ya koka cewa da yana da iko da ya fita. Nan take aka saukar da togaciya ga ma'abota lalura. Malamanmu na Malikiyya sun bi wannan sawu: Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan Wurno da Sakkwato tun zamanin masu jihadi, ya lissafa makanta da gurguntaka da ciwo cikin abubuwan da ke sauke wannan farilla. Aikin sojan Najeriya a yau aikin albashi ne a ƙarƙashin tsarin mulki, kuma ba na cewa hukuncinsa ɗaya ne da na waɗancan yaƙoƙi ta kowace fuska. Amma asalin da ke ƙarƙashi bai canza ba: tsaron rayuka nauyi ne a kan al'umma gaba ɗaya, idan masu iko suka ɗauka ya sauka daga kan saura, kuma wanda jikinsa ya hana shi babu mai bin sa bashin kunya.

Mai karatu da ya san tarihi zai tare ni a nan, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce ayoyin sun sauke wajibci ne, ba su haramta fita ba. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, 'ya'yansa suka so hana shi fita Uhudu, ya kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka shaida masa cewa Allah ya yi masa uzuri, aka kuma ce wa 'ya'yan su ƙyale shi. Ya fita, ya yi shahada. Ɗan Ummu Maktum kansa, masu tarihi sun kawo cewa ya riƙe tuta a yaƙin Ƙadisiyya zamanin Sayyidina Umar. To wane ne likitan barikin da zai hana abin da Annabi ya bari? Amsar tana cikin labaran kansu. Amru bai ɓoye ƙafarsa ba, kowa na ganinta, kuma izini ya nema daga shugaban rundunar, wanda ya san abin da ya karɓa ya kuma san inda zai ajiye shi. Makahon Ƙadisiyya tuta ya riƙe, aikin da ke buƙatar tsayuwar zuciya, babu wanda ya miƙa masa baka da kwari ya ce ya harba. Haɗarin da waɗannan bayin Allah suka ɗauka, a kan rayukansu suka ɗauke shi. Bindigar zamani kuwa ta sauya lissafin, domin harsashinta yana cin ɗaruruwan mitoci, kuma kuskuren mai riƙe da ita a jikin wani yake sauka.

A ɗauki soja yana gadi a bakin hanyar Goronyo gab da magariba, lokacin hunturu, hazo ya rufe ƙasa. Babur ya ɓullo daga cikin gonaki ɗauke da mutum biyu, na baya ya saɓa wani abu dogo a kafaɗa. Galma ce ko bindiga? Manomi ne ya makara a fadama ko ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne? Sojan yana da 'yan daƙiƙu ƙalilan. Idan idonsa ya gaya masa ƙarya ta wannan ɓangare, ya kashe uban wasu yara. Idan ta ɗaya ɓangaren ce, abokan aikinsa da ke barci a bayansa su ne za su biya. Mun ga tsadar kuskuren gani a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disamban 2023, inda jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, mutum sama da 80 suka rasu. Ba raunin idon kurtu ne ya jawo wannan ba, amma ya nuna abin da ke biyo baya idan mai makami ya ɗauki wani a matsayin wani. Haka batun launi yake. Littafin nan mai ɗige-ɗige kala-kala da ake ɓoye lamba a ciki, wanda likitan sojan Japan Ishihara ya fitar a 1917, yana gano wanda ba ya bambance ja da kore. Irin wannan mutum zai iya rayuwa har tsufa bai san yana da matsala ba, amma a jirgin ruwa da na sama fitilar hagu ja ce ta dama kuma kore, kuma a kan taswira da wayoyin lantarki launi magana ce.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a wannan matsayi shi ne cewa Manzon Allah da kansa ya yi tantancewa. A hanyar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, ya duba rundunarsa ya mayar da yara gida, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar yana da shekara 14, wanda sai a yaƙin Gwalalo aka karɓe shi yana da 15. Da labarin ya isa ga Halifa Umar ɗan Abdul'aziz, sai ya mayar da shekara 15 iyaka a rajistar mayaƙa, ya rubuta wa gwamnoninsa haka. Wato ma'auni da lamba, wanda ake yi wa kowa, yana da tushe a wurinmu tun kafin Turawa su gina barikin horas da kurata a Zariya a 1924. A wannan rana ta Uhudu kuma aka yi rangwame. An mayar da Rafi'u ɗan Hadij, sai aka shaida cewa gwanin harbin kibiya ne, aka bar shi. Samuratu ɗan Jundub, tsaransa, ya ji haka, aka kai maganar cewa shi yana kayar da Rafi'u a kokawa, kuma a wasu ruwayoyin an sa su kokawar a gaban jama'a, ya kayar da shi, shi ma aka bar shi. Duk wanda ya dubi wannan labari da kyau zai ga abin da ya sa rangwamen ya zama adalci. Dalilinsa ya shafi aikin da za a yi, harbi da ƙarfin jiki. An yi shi ido na ganin ido. Sannan ƙofar da aka buɗe wa na farko ba a rufe ta ga na biyu ba, da ya zo da hujja irin tasa. Ba a tambayi ɗan wane ne Rafi'u ba, kuma ɗan Umar, duk da matsayin mahaifinsa, gida ya koma.

Alfarma tana warware waɗannan duka. Dalilinta sanayya ce, a ɓoye ake yin ta, kuma ɗan talakan da ke bayan layi ba shi da hanyar cewa shi ma a gwada shi. Wanda ya karɓi na goro ya rubuta cewa ido lafiya alhali ba lafiya ba, shaidar zur ya yi, kuma yana da kamasho a duk jinin da wannan ido zai jawo. Babban da ya rubuta takardar yana ganin taimako ya yi wa ɗan maƙwabcinsa, amma gurbin da ya cike na wani ne, tunda tsarin mulkin 1999, a sashe na 217, ya ce rundunonin soja su nuna rabon ƙasa, kuma kowace jiha guraben da take samu ƙididdigaggu ne. Abu Zarri, duk da girmansa, da ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah ya hana shi, ya gaya masa cewa yana da rauni kuma abin amana ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ƙauna ce ta sa aka hana shi, kuma ban ga yadda ƙaunarmu ga 'ya'yanmu za ta fi wannan ba.

Akwai masu kawo labarin Harry Truman na Amurka, wanda marubuta tarihinsa suka ce haddace allon gwaji ya yi saboda raunin idonsa, ya shiga soja, ya jagoranci rukunin igwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1945. Suna cewa da ya bi doka da an yi asararsa. Labari ne mai jan hankali, amma muna jin sa ne domin ya ƙare da kyau. Waɗanda suka yi irin dabararsa suka jawo wa kansu ko wasu halaka, ba a rubuta littafi a kansu ba. Ita Amurkar ta gwada sassauta ma'auni a dunƙule a 1966, lokacin yaƙin Biyetnam, da sakataren tsaronta McNamara ya buɗe ƙofa ga dubban ɗaruruwan samarin da a da ba su cika sharaɗi ba, galibi a gwajin fahimta, wasu kuma a na lafiya. Akasarinsu 'ya'yan talakawa ne, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran sojoji. An kira abin taimako a lokacin.

Sai dai adalcin ma'auni yana da nasa sharaɗin, kuma a nan maganata ta koma kan hukuma. Ma'auni ba wahayi ba ne, mutane ne suka tsara shi domin wata manufa, kuma duk inda ya zarce manufarsa ya zama zalunci. Malaman fiƙihu sun fahimci haka tun da daɗewa. Ibnu Ƙudama a cikin Mugni ya bambance gurguntaka mai tsanani da ɗingishin da bai hana tafiya da hawa ba, ya kuma bambance ciwo mai kwantarwa da ciwon haƙori, ya kwatanta ƙaramin ciwo da mai ido ɗaya, wanda a ganinsa nauyin bai sauka daga kansa ba. Wato abin da suke dubawa shi ne ko raunin ya hana aikin. Yaron da ba ya ganin nesa, amma da ya sa tabarau sai ya karanta allon har ƙasa, ba makaho ba ne ta kowace fassara. Rundunoni da yawa a duniya, har da ta Amurka, suna auna ganin mutum ne bayan ya sa tabarau, kuma wanda ya gaza da kaɗan ana tura takardunsa ga hukumar likitoci ta musamman ta duba ko za a yi masa rangwame, a rubuce, da dalili. Na san amsar da tsofaffin sojoji za su bayar: tabarau yana faɗuwa, yana fashewa, ƙura da gumi suna rufe shi, kuma a tsakiyar daji babu shagon da za a sayi wani. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ya dace a tsaurara wa wanda zai shiga sahun gaba. Amma runduna tana da makanikai da ma'aikatan jinya da masu ajiyar kaya da akawu da masu sarrafa na'urorin sadarwa. Raba ma'auni gwargwadon aiki ya fi kusa da abin da aka yi wa makahon Ƙadisiyya. Abin da ya fi komai ɓata zukata kuwa shi ne a sallami yaro ba tare da an gaya masa dalili ba. Wanda aka ce wa ya koma gefe kawai, zai koma Boyekai yana cewa don ba shi da kowa ne, ƙannensa su ji, su tashi da imanin cewa sai da hanya ake shiga. Ɗan guntun takarda da ke cewa ga abin da aka gani a idonka, ga inda za ka je a sake dubawa, zai kashe rabin wannan zato.

Akwai kuma wani bashi da ya girmi ranar tantancewa. Da yawa daga cikin idanun da ke faɗuwa gwaji ba haka aka haife su ba. Ƙyanda da ba a yi wa rigakafi ba tana barin hakiya. Amosanin ido, wanda ƙazanta da ƙudaje da ƙarancin ruwa ke yaɗawa, ya daɗe yana addabar Sakkwato da Kabi da Zamfara. Rashin abinci mai gina jiki yana kawo dundumi, kuma mai dundumi ba zai yi gadin dare ba. Ga kuma ɗige-ɗigen magungunan da ba likita ya rubuta ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar da ke Najeriya ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Ɗan birni da aka gano matsalarsa yana aji uku na firamare, da ɗan ƙauyen da bai taɓa tsayawa gaban allon gwaji ba sai ranar da makomarsa ta rataya a kai, ba a wuri ɗaya suka fara tseren ba. Maganin wannan rashin daidaito shi ne a gyara idon tun da wuri, domin sassauta gwajin ba zai sa ya gani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mayar da Wurno ribaɗi ya zauna a cikinta har rasuwarsa a 1837, ya yi rubutu kan ribaɗi da gadin iyaka, ya kuma rubuta littafi kan maganin ciwon ido. Shugaban da ya san yana buƙatar masu tsaro bai ga kula da idon talakawansa a matsayin aikin wani ba. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, da ya ga Arewa ta yi ƙaranci a cikin hafsoshi, makarantu aka bi ana kwaɗaitar da ɗalibai su shirya su shiga. Irin wannan shiri ne ya kamata jikokinsu su yi, kuma tunda gwamnatin jihar Sakkwato ta kafa rundunar askarawa a 2024 domin tsaro, duk abin da na faɗa kan idon soja ya hau kan idon askari.

Shi kuwa saurayin da aka mayar, yana cikin ayari mai daraja. Zaidu ɗan Sabit an mayar da shi saboda ƙuruciya, ya koma ya koyi rubutu da harsuna, ya zama marubucin wahayi, kuma shi aka ɗora wa tattara Alƙur'ani zamanin Sayyidina Abubakar. Ɗan Ummu Maktum ya yi ladanci, kuma sau da dama shi ake bar wa Madina idan runduna ta fita. A dawowa daga Tabuka, Manzon Allah ya shaida wa sahabbai cewa akwai mutane a Madina da suke tare da su a lada a duk kwarin da suka ratsa, uzuri ne ya tsare su. Garin da ke cikin tsoro yana buƙatar malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da manomin da zai ciyar da 'yan gudun hijira, kamar yadda yake buƙatar mai bindiga.

Roƙona ga iyaye a Wurno da Rabah da Goronyo shi ne, kafin ku sayar da akuya ku ba yaro kuɗin cike takarda, ku kai shi sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani asibitin da ke da likitan ido, a gwada shi, ku san gaskiyar lamarin tun a gida. Idan na tabarau ne a yanka masa, idan na magani ne a yi. Idan kuma likita ya ce idon ba zai ɗauki wannan aiki ba, kada ku je ƙofar kowa neman takarda.